Zuma, rina ko zanzaro: wa ya tare a gidanka?

A gidaje da yawa tsoro yana sauka ne inda bai dace ba. Ƙaton baƙin ƙwaron da ke gunji a gindin azara shi ake bi da takalmi. Zanzaron da ke ɗibar laka a bakin rijiya shi ake yi wa feshi. Amma 'yan ƙudajen da ke shige da fice ta wata kafa a gefen silin, sai a ce ai zuma ce, arziki ne ya zo gida, a ƙyale ta. Na farko da na biyu da wuya su harbi kowa. Ta ukun kuwa, in ta shekara a wurin ta yi ƙarfi, tana iya kashe ragon da ke ɗaure a turke, ta kwantar da yaro a asibiti. Ranar da hakan ta faru sai a ɗauko fetur da ashana, a ɗora wata masifar a kan ta farko.

Girman jiki da launi da ƙarar fiffike ba sa gaya wa mutum komai game da hatsari. Abin dubawa shi ne ko ƙwaron shi kaɗai yake rayuwarsa ko cikin jama'a. Uwar da ke gina ɗakin 'ya'yanta ita kaɗai ba ta da wanda zai ci gaba da aikin in ta mutu, don haka gudu take yi in an takura mata. Waɗanda ke zaune dubbai a wuri guda, da tsutsotsi da abincin da suka tara, suna da masu gadi, kuma mutuwar ɗari daga cikinsu ba ta rage musu komai. Su ne ke far wa mutum. Kuma hanya mafi sauƙi ta sanin wanda ake tare da shi ita ce duba gidansa, tunda ƙwaro yana tashi amma gida yana nan. Gidan kaki na zuma ne. Gida mai kama da takarda, a rataye, na rina ne. Gidan laka na zanzaro ne. Zagayayyen rami a busasshen katako na wani babban ɗan uwan ƙudan zuma ne da ba ya yin zuma.

A jiki ma akwai alama. Dangin ƙudan zuma daga fure suke ci, su da 'ya'yansu, shi ya sa jikinsu ke da gashi mai kama garin fure, kuma a dunƙule yake. Rina da zanzaro nama suke ciyar da 'ya'yansu, jikinsu sumul ne, ga siririn ƙugu. Dukansu fiffike huɗu gare su. In aka ga wani mai zanen rawaya da baƙi yana tsayawa cak a iska, idanunsa manya sun kusa haɗewa, 'yan ƙahonnin kansa gajeru, fiffikensa biyu tak, wannan ƙuda ne kawai da ya ari kamannin masu harbi. Ana yawan ganinsa kusa da kwata da masai domin can tsutsarsa ke girma, kuma ba shi da abin harbi ko kaɗan.

Zumar da ke yawancin ƙasar Hausa ita ce wadda masana ke kira Apis mellifera adansonii. Ma'aikaciyarta ba ta wuce santimita 1 da 'yan kai ba, launinta ƙasa-ƙasa da zanen ɗorawa, in ta dawo daga kiwo za a ga dunƙulen garin fure a ƙafafunta na baya. Ta fi zumar Turai saurin fushi nesa ba kusa ba. Wata 'yar uwarta ta kudancin Afirka ce aka kai Barazil a 1956, ta kuɓuce shekara guda bayan haka, ta bazu har ta kai jihohin kudu na ƙasar Amurka, inda har yau ake gargaɗin jama'a a kanta. Wannan na da muhimmanci, domin yawancin shawarwarin da ke intanet an rubuta su ne game da zumar Turai mai sanyin hali. Wanda ya ga bidiyon wani yana kwasar zuma da hannu ba riga, ya ce zai gwada a Gusau ko Maraɗi, ya sa ransa a hatsari.

Ganin ƙudan zuma a gida iri uku ne, kuma kowanne da hukuncinsa. Na farko su ne masu kiwo: waɗanda ke taruwa a bakin famfo da randa lokacin bazara, ko a kan rake da mangwaro da zoɓo, ko a kan garin rogo da dusa da rani. Ruwan suna kai shi gida ne su shimfiɗa a saƙa su yi ta fifita don wurin ya yi sanyi, garin kuma suna ɗibarsa a madadin garin fure idan furanni sun yi ƙaranci. Waɗannan ba sa kare komai a wurin, sai an danne ɗaya ko an taka ta take harbi. Maganinsu a rufe randa, a gyara famfon da ke ɗiga, a ajiye musu kwanon ruwa da tsakuwa a ciki can nesa da inda ake zama.

Na biyu shi ne gungun da ya sauka: dunƙulen ƙudaje a rataye a reshen darbejiya ko gefen katanga, babu saƙa a ƙarƙashinsu. Waɗannan matafiya ne. Ko dai gidansu ya cika tsohuwar sarauniya ta fito da wani kaso, ko yunwa da zafi da tururuwa sun kore su gaba ɗaya, abin da zumar Afirka ta saba yi. Sun cika cikinsu da zuma kafin su taso, ba su da 'ya'yan da za su kare, don haka a wannan hali sun fi kowane lokaci laushi. Yawanci daga 'yan sa'o'i zuwa kwana 2 ko 3 suke tashi. A hana yara jifa, a janye dabbobi, a kira mai amya ya kwashe su da yamma. Sai dai akwai abin da ake mantawa: a daidai lokacin da gungun ke rataye, 'yan leƙen asirinsa suna zagaya unguwar suna neman rami mai duhu, busasshe, mai ƙaramar ƙofa. Silin, tsohuwar durom, ramin bulo, akwatin mita, rumbun da ba a amfani da shi, duk sun cika sharaɗi. Ranar da aka ga gungu a unguwa, ranar ce ta zagaya gida a toshe kafofi. In kuma gungun ya wuce kwana 3 har farin kaki ya fara bayyana a gefensa, to ya yanke shawarar zama, kuma laushin ya kusa ƙarewa.

Na uku, zumar da ta riga ta tare, ita ce matsalar gaske. Ana gane ta daga nesa. A tsaya kamar mita 10 daga wurin da hantsi a kalli kafar: in ƙudaje na fita a guje suna dawowa kai tsaye ba tare da neman hanya ba, akai-akai, wasu da garin fure a ƙafa, to akwai tsutsotsi a ciki. Bakin kafar yakan yi duhu da daɗewa. Da dare in aka kanga kunne a bango daga cikin ɗaki za a ji guna, in aka shafa kuma wurin ya fi sauran bangon ɗumi, domin suna riƙe ɗakin 'ya'yansu a kusan digiri 35. Sarauniya na iya yin ƙwai sama da 1,000 a rana idan furanni sun wadata, kuma kimanin mako 3 ne daga ƙwai zuwa ma'aikaciya. Shi ya sa gidan da ya yi watanni lafiya lau yake rikiɗewa. Lokacin da gawo da mangwaro da kaɗanya da ɗorawa suka yi fure ɗaya bayan ɗaya, daga kaka zuwa bazara, gidan yana cika da dubun dubatan ƙudaje da zumar da za su kare. Daga nan girgizar janareta ko injin niƙa, bugun guduma a bango, ƙamshin turare mai ƙarfi, ko warin ƙudan da aka murƙushe ya isa ya tayar da su.

Yadda harbi ɗaya ke zama ɗari yana da dalili. Ƙarin ƙudan zuma, wato allurar harbinsa, yana da 'yan ƙayoyi masu kallon baya. In ya shiga fatar mutum ba ya fita, sai ya tsinke tare da jakar dafi, ƙudan ya je ya mutu. Jakar tana ci gaba da tura dafi ita kaɗai, tana kuma fitar da wani wari mai kama da na ayaba wanda ke nuna wa sauran inda za su nufa. Sun fi auna kai da fuska da duk abin da ke da duhu ko gashi. Don haka wanda zuma ta taso wa, ya ja riga ya rufe kansa ya bar idanu, ya gudu a miƙe zuwa ɗaki ko mota ya rufe. 'Yan da suka shiga tare da shi ba su kai dubban da ke waje ba. Kada ya tsaya yana kaɗa hannu, kada ya faɗa ruwa, domin za su jira shi ya ɗago. Suna iya bin mutum ɗaruruwan mitoci. Dabbar da ke ɗaure da kajin da ke cikin akurki su suka fi mutuwa, saboda ba su da inda za su.

Kurakurai uku ake maimaitawa wajen raba gida da zuma. Akwai toshe kafar da siminti ko tsumma: ƙudajen ba sa mutuwa nan take, sai su nemi wata mafita, kuma sau da yawa mafitar cikin ɗakin kwana take buɗewa. Akwai wuta, wadda ba ta buƙatar dogon bayani, tunda kaki da busasshen katakon silin duk makamashi ne. Sai feshin fiya-fiya ko Sniper, maganin da NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta taƙaita sayar da shi a kasuwanni a 2019. Feshin yana kashe na bakin ƙofa ne, saƙar da ke jere tana tare shi daga kaiwa ciki, waɗanda suka rage kuma su fito a fusace. Ko da duk sun mutu, an bar kilo-kilo na zuma da tsutsotsi a ƙarƙashin kwano ba mai fifita su. Saƙar ta yi laushi ta zube, zumar ta yi tsami ta jiƙa silin, tsutsotsin su ruɓe, kyankyaso da tururuwa da ɓera su biyo. Ƙamshin kakin kuma yana jawo sabon gungu shekara mai zuwa. Mafi muni, zumar da aka yi wa feshi guba ce, bai halatta a sha ta ko a kai ta kasuwa ba.

Aikin na masu kiwon zuma ne da ke da rigar kariya da abin hayaƙi. Ana yin sa da magariba ko bayanta, bayan an sanar da maƙwabta, an kwance dabbobi, an shigar da yara ɗaki. Ana busa hayaƙi mai sanyi na busasshen kashin shanu ko totuwar masara, a buɗe silin ko bangon, a yanke saƙa ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure masu tsutsotsi a cikin amya ko akwati, a tabbatar sarauniya ta shiga. In ta shiga sauran za su bi ta. Sai a kai akwatin nesa, kilomita 3 ko fiye, in ba haka ba masu kiwo za su koma tsohon wurin. Matakin da aka fi tsallakewa shi ne na ƙarshe: a kankare duk ragowar kaki, a wanke da ruwan sabulu, a cike ramin, a rufe kowace kafa da siminti ko ragar ƙarfe mai idon da bai kai milimita 3 ba. Ga Musulmi akwai ƙarin dalilin zaɓar kwashewa a kan kisa, domin ƙudan zuma na cikin halittu huɗu da hadisin Ibn Abbas ya hana kashewa.

Galla ba ta da ƙari ko kaɗan. 'Yar mitsitsiya ce, baƙa, wasu nau'o'inta ba su wuce milimita 3 ba, ita ce ke damun mutum a ido da gumi lokacin zafi. Tana zama a tsagar bangon ƙasa ko kogon itace, alamar gidanta ɗan bututun kaki da danƙo da ya leƙo waje. Zumarta kaɗan ce, mai ruwa-ruwa da ɗan tsami. Ba ta ɓata gini, ba dalilin fasa bango saboda ita.

Shi kuma ƙaton nan mai huda katako, Xylocopa, tsawonsa santimita 2 zuwa 3, bayansa baƙi mai sheƙi, wasu da gashi rawaya ko fari a kafaɗa. Macen ce ke haƙa zagayayyen rami mai faɗin kusan santimita 1 a azara ko katakon rumfa, ta shiga kaɗan sannan ta karkata ta bi tsawon itacen, ana ganin garin katako a ƙasa. Wanda ke tsayawa a iska a gaban fuskar mutum yawanci namiji ne, kuma namiji ba shi da ƙari. Macen ba ta harbi sai an kama ta a hannu. Rami ɗaya ba ya karya azara, amma in ana komawa wuri guda shekara da shekaru itacen yana raunana. A toshe ramin da ƙusar katako bayan 'ya'yan sun fita, a shafa fenti, domin sun fi son itacen da ba a shafe ba. Mai lambu ya yi tunani kafin ya kashe su: furen tumatir da gauta ba ya sakin garinsa sosai sai an girgiza shi, wannan ƙwaro ya iya hakan, ƙudan zuma kuwa bai iya ba.

Rinar da aka fi gani a ƙarƙashin rufi da bayan taga da cikin rumbu ita ce Belonogaster: doguwa, ja-ja mai duhu, ƙugunta siriri mai tsawo, ƙafafunta na lilo in tana tashi, in ta sauka kuma tana naɗe fiffikenta a tsaye su zama sirara. Akwai ƙanananta masu zanen rawaya. Gidanta na zaren itace ne da ta tauna da miyau, a rataye da ɗan ƙaramin wuya, ramukansa a buɗe suna kallon ƙasa. Mazaunansa goma-goma ne, da wuya su kai ɗari. Ƙarinta sumul ne, tana iya maimaita harbi, kuma zafinsa ya fi na zuma a wurin mutane da yawa. Amma iyakar da take karewa gajeriya ce, mita 1 ko 2, kuma tana gargaɗi: in aka ga duk sun juyo sun ɗaga fiffike, a ja da baya a hankali. Tsutsar da ke cin ganyen masara da wake da kuɓewa ita take kai wa 'ya'yanta, don haka gidan rina da ke can saman katangar baya ba abin taɓawa ba ne. Wanda ke bakin ƙofa ko makewayi ko inda yara ke wasa shi ake cirewa. In ƙarami ne, uwa ɗaya da 'yan ramuka, a jira ta fita a kakkaɓe shi da doguwar sanda. In ya girma, a bari sai da asuba lokacin da duk suna gida kuma sanyi ya kama su. A dama cokali 4 na sabulun ruwa a lita 1 ta ruwa, a jiƙa gidan sharkaf da abin feshi. Sabulun yana sa ruwan ya shiga kafofin numfashin da ke gefen jikinsu, su kasa tashi. A ajiye fitila a gefe, kada a riƙe ta a hannu, domin haske suke bi. Kada a yi wannan kusa da wayar lantarki, kada kuma a hau tsani, domin faɗowa daga tsani ta fi harbin rina karya mutum. A kankare gindin da gidan ya maƙale, in ba haka ba nan za su sake gini.

Zanzaro shi aka fi zalunta. Iri biyu aka saba gani. Akwai baƙi mai rawayan ƙugu da ƙafafu, Sceliphron, wanda ke jera ɗakunan laka a bayan kabad ko kusurwar silin yana cusa gizo-gizo a ciki. Akwai kuma masu gina ɗan ƙaramin tulu mai baki su zuba tsutsa. Masu cewa zanzaro yana ɗauko tsutsa ne ya mayar da ita ɗansa sun ga rabin abin da ke faruwa. Uwar tana harbin tsutsar ta sandare ba tare da ta mutu ba, ta sa ƙwanta a ɗakin, ta liƙe. Ɗanta ya ƙyanƙyashe ya cinye abincin da bai ruɓe ba, ya huda lakar ya fito. Ɗakin da ke da huda ya riga ya zama kango. Zanzaro ba ya kare gidansa, ana iya kankare shi da wuƙar fenti yana kallo. Illar danginsa a wani wuri take: suna son kowane ƙaramin rami, su cike salansar janareta, ramin soket, bututun ruwan na'urar sanyaya ɗaki da kan murhun gas. A 1996 wani jirgin Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya faɗa teku jim kaɗan bayan ya tashi daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka mutu, kuma masu bincike sun fi zargin cewa irin wannan ƙwaro ne ya toshe bututun auna gudun jirgin lokacin da yake ajiye. Injin da zai daɗe ba a tayar ba, a rufe bakin bututunsa.

Manyan rinar nan na jinsin Vespa da ake gani a labarai, masu ƙaton gida a rufe, ba 'yan Afirka ta Yamma ba ne. Ta Asiya mai rawayan ƙafa ta shiga Faransa a 2004 tana cin ƙudan zuma. Babbar cikinsu, wadda sarauniyarta ke kai santimita 5, an gan ta a jihar Washington a 2019, hukumomin Amurka suka sanar da kawar da ita a ƙarshen 2024. Wadda Bahaushe zai iya haɗuwa da ita ita ce Vespa orientalis, a Masar da Sudan da Saudiyya: ja mai duhu, da faffaɗan zane rawaya a ciki da goshi, tsawonta kusan santimita 3, tana gida a ƙasa ko cikin bango, tana yawo da tsakar rana a kan dabino da nama da shara. Ɗalibi ko alhajin da ya ga suna shige da fice a rami ya nisanci wurin. A nan gida kuwa, manyan baƙaƙen dangin rina da ake gani yawancinsu masu zaman kaɗaici ne, harbinsu da zafi ƙwarai amma sai an kama su ko an taka su.

In an yi harbi, a fara duba ko ƙari ya maƙale. In yana nan zuma ce, a cire shi nan take da farce ko duk abin da ke kusa, saurin cirewa ya fi yadda aka cire muhimmanci. A wanke da sabulu, a ɗora ƙanƙara cikin tsumma minti 10 zuwa 15, a zare zobe ko awarwaro kafin hannu ya kumbura. Kumburin da ya tsaya a wurin harbin, ko da ya yi faɗi ya ƙaru har kwana 2, yawanci yana sacewa cikin mako guda, kuma ƙwayar Piriton tana rage ƙaiƙayi. Abin gaggawa daban ne: borin jini a duk jiki, kumburin leɓe ko harshe, shaƙewar murya, numfashi da ƙyar, jiri ko suma, cikin mintoci bayan harbi ko da guda ɗaya ne. A kwantar da mutumin a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya gagara a zaunar da shi, kada a bari ya miƙe ya yi tafiya, a garzaya asibiti. Maganinsa allurar adrenalin ce a naman cinya, miligiram 0.5 ga babba, kuma Piriton ba ta maye gurbinta. Harbi a cikin baki ko maƙogwaro shi ma na asibiti ne. Haka wanda ya sha harbi 50 ko fiye, ko yaro da tsoho da suka sha ƙasa da haka, ko da sun ce sun ji sauƙi: yawan dafi yana lalata tsoka da jini ya taɓa ƙoda, kuma alamar tana iya jinkiri kwana 1 ko 2. In fitsari ya ragu ko ya koma ja mai duhu, a koma wurin likita a ranar.